Kiɗa da Sauti a Fim ɗin Zullumi: Jagora ga Ɗaliban Fim a Jos

Fim ɗin zullumi shi ne wanda aka gina a kan jiran abin da zai faru: mai kallo ya san akwai haɗari, amma bai san ta inda zai ɓullo ba. An ce gani ya kori ji, to a irin wannan fim ji ne ke riga gani isowa. Kyamara abin da ke gabanta kawai take nunawa. Wanda ke tsaye a bayan ƙyaure, da takun da ya tsaya cak a lungu, da motar da aka faka a ƙofar gida ba a kashe ta ba, duk kunne ne ke kawo labarinsu.

An shirya wannan jagora domin masu haɗa gajeren fim a Jos, ko a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa suke karatu, ko a Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Rayfield, ko a Jami'ar Jos, har da masu koyo a sutudiyon unguwa. Abin da ya fi kayar da mai fara fim a ko'ina sananne ne: sai an gama editin, saura kwana biyu a miƙa aiki, sannan a tuna da sauti, a sauko da wani kiɗan ban tsoro daga intanet a shimfiɗa shi tun daga farko har ƙarshe. Kafin minti uku kunnen mai kallo ya saba da shi, ya daina jin komai. Jerin da ya dace shi ne magana tukuna, sai sautin wuri, sai ƙananan motsi, sai shiru. Kiɗa ne na ƙarshen shigowa, a inda waɗannan huɗun suka bar masa gurbi.

Mataki na farko: ku karanta labarin da kunne

Tun ran gini ran zane. Kafin a taɓa kyamara, darakta da mai sauti su zauna da rubutaccen labarin da biro kala uku. Kala ɗaya na sautukan da labarin ba zai tafi ba sai da su, kamar ƙwanƙwasa ƙofa ko wayar da ke ruri a ɗakin da ya kamata a ce ba kowa. Kala na biyu na wuraren da ake son shiru. Na uku na wuraren da ake zaton kiɗa zai shiga, kuma zato ne kawai, domin sai an ga hoto za a yanke hukunci.

A ɗauki misalin fim na minti 12: ɗaliba ita kaɗai a ɗakin haya a Anguwan Rogo, an ɗauke wuta, wani yana bibiyarta. Ku ba mai bibiyar sautin da za a shaida shi da shi, kamar tarin makullai da ke kaɗawa a ƙugunsa, ko silifas ɗin da ƙafa ɗaya ke jan ƙasa. A ji shi sau uku. Na farko da rana tsaka a cunkoson Terminus, inda ba wanda zai damu da shi. Na biyu da dare, daga nesa. Na uku a bakin ƙofarta. A karo na ukun ba a buƙatar a nuna fuskarsa, kuma ba a buƙatar kiɗa ko kaɗan, domin mai kallo ya riga ya koyi ma'anar ƙarar da kansa. Sauti guda ɗaya irin wannan ya isa fim ɗin. In suka kai uku ko huɗu sai su rikita juna.

Mataki na biyu: ku je lokeshan ku saurara

Yawanci da ido ake zaɓen lokeshan, shi ya sa ake shan wahala ranar ɗauka. Mai sauti ya bi masu zagayen, ya tsaya a wurin minti biyar bai ce uffan ba, a daidai ranar mako da sa'ar da za a yi ɗaukar. Gidan da ke tsit ranar Talata da hantsi yana iya zama maƙwabcin coci mai lasifika ranar Lahadi, ko ya kasance a hanyar masallacin Juma'a. A rubuta lokutan kiran salla na masallatan da ke kusa a tsara hutun ma'aikata a kansu. A duba ko akwai injin markaɗe, ko mai walda, ko makarantar allo, ko titin da keke-napep ke bi. Gidan da ke bakin Bauchi Road, komai kyansa a hoto, maganarsa ba za ta fita da tsabta ba.

A cikin ɗaki, ku tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In tafin ya dawo da amsa-kuwwa, ɗakin zai sa magana ta zama kamar daga cikin randa ake yin ta. Maganinsa katifa biyu a jingine a bangon da kyamara ba ta gani, da barguna a rataye, da darduma a ƙasa. Rufin kwano marar silin matsala biyu gare shi: da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, ko yayyafi ya isa ya tsayar da aiki, da rana kuma yana ƙas-ƙas in ya ɗau zafi.

Sai iska. Jos tana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta raga wa makirufo, musamman a fili irin na wajen duwatsun Shere ko bakin tafkunan kuza. Soson da ke zuwa da makirufo na cikin ɗaki ne. A waje sai da rigar gashi a kansa.

Mataki na uku: ranar ɗauka

Makirufon da ke jikin kyamara amfaninsa ɗaya ne, ya taimaka wajen daidaita sauti da hoto a editin. Maganar fim da rakoda daban ake naɗarta, irin su Zoom H5 ko Tascam DR-40, da makirufo mai tsini a kan sandar bum. A saita rakodar a kan WAV, 48 kHz, bit 24. Kada a naɗa a MP3, kuma kada wani ya yi 44.1 kHz wani ya yi 48, domin gauraya su na iya sa baki da murya su riƙa rabuwa a doguwar ɗauka.

Kusanci ya fi tsadar makirufo muhimmanci. Duk lokacin da aka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin muryar na raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar wuri kuwa tana nan yadda take. Makirufon da ke santimita 40 daga baki, in aka mayar da shi mita uku da ɗoriya inda kyamara take, an ninka nisan sau uku ke nan, an yi asarar kusan desibel 18, kuma babu manhajar da za ta dawo da su da tsabta. Mai bum ya riƙe shi ta sama, ɗan gaba da goshin mai magana, tsininsa na kallon baki, ya sauko da shi har sai mai kyamara ya ce ya shigo hoto, sannan ya ɗaga kaɗan.

A saita ƙarfin naɗa yadda maganar yau da kullum za ta riƙa kaiwa wajen -18 zuwa -12 a ma'aunin rakoda. Fim ɗin zullumi raɗa gare shi da ihu, sau da yawa a fitowa ɗaya. Ihun da ya bugi sifili ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. Saboda haka a sa 'yar wasa ta gwada ihun kafin a fara, in kuma rakodar tana iya naɗar kwafi na biyu mai ƙarancin ƙarfi a lokaci guda, a kunna shi.

Makirufon maƙalawa a riga yana ceto a ɗauka mai faɗi, amma kaya na cutar da shi. Rigar sanyi mai santsi irin ta leda, wadda kowa ke sawa a Jos da hunturu, ƙara take yi da kowane numfashi; a nemi ta ulu ko ta auduga. Sabuwar shadda mai sitati ma haka. In 'yar wasa na sanye da hijabi, mace daga cikin ma'aikata ce za ta maƙala mata shi, a manne shi da filasta yadda yadin ba zai riƙa gogarsa ba.

Janareto a kai shi nesa, mita 30 ko fiye, a bayan katanga, a jawo wuta da doguwar waya. A kashe firij da fanka, a sa duk wayoyi a yanayin jirgin sama, domin wayar da ke neman sabis tana shigar da ƙara cikin kebul. Wutar Najeriya a kan 50 Hz take, shi ya sa gunjin da ke shiga rakodar da aka jona da wuta yake zama a 50 da 100 da 150 Hz (Hz ma'aunin amo ne: ƙaramin adadi amo mai kauri, babba amo mai kaifi). Yin aiki da batir ya fi aminci, a kuma taho da ninkin abin da ake zato, tunda sanyi na rage musu ƙarfi. Mai sauti ba ya cire hedifon daga kunnensa, kuma yana da ikon cewa a sake, daidai da mai kyamara.

Abu uku kada a tashi daga lokeshan ba a yi su ba. A kowace ɗauka a tafa allo ko hannu a gaban kyamara, domin daidaita sauti da hoto a editin. In keke ko zakara ya ɓata wata jimla, a sa ɗan wasa ya maimaita ta nan take sau uku ba tare da kyamara ba, yana tsaye a inda yake, domin dobin a sutudiyo bayan wata guda da wuya ya dace da ɗakin. Na uku, kowa ya tsaya a inda yake, a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 60. Wannan shirun shi ne zaren da za a ɗinke duk yankan editin da shi, kuma a fim ɗin zullumi shi ne kayan aiki mafi daraja. In labarin na da ƙarar bindiga ko kururuwa da dare, a sanar da mai unguwa da maƙwabta tun da wuri. Ƙarar bindigar kanta a editin ake sa ta.

Mataki na huɗu: ku kulle hoto, sannan ku tantance wuraren kiɗa

Ba a fara aikin kiɗa sai editin hoto ya ƙare ƙurmus. In aka cire daƙiƙa biyu bayan mai kiɗa ya gama, duk abin da ya auna ya goce. In an kulle, a zauna da darakta da edita da mai kiɗa a kalli fim ɗin babu kiɗa ko ɗaya. Duk fitowar da ta riƙe mutane a haka, a ƙyale ta. Inda ta yi sanyi, a fara tambayar ko sautin wuri zai iya ɗaga ta. In ba zai iya ba, sannan a ba kiɗa.

A rubuta kowane gurbi a takarda: lambarsa, minti da daƙiƙar shigarsa, na fitarsa, da aikin da zai yi a jimla ɗaya, kamar “ya gaya wa mai kallo cewa ba ita kaɗai ba ce, alhali ita ba ta sani ba”. Gurbin da aka kasa rubuta masa irin wannan jimla a soke shi. A fim na minti 12, gurbi biyar zuwa bakwai sun wadatar, jimillarsu kada ta wuce minti huɗu ko biyar. Kiɗan da ke maimaita abin da fuskar 'yar wasa ta riga ta nuna ɓarnar wuri ne. A shigo da shi a ɓoye, a ƙarƙashin rufe ƙofa ko wucewar mota, yadda ba za a gane farkonsa ba. Fitarsa kuwa tana iya zama farat ɗaya, domin yankewar kiɗa ita kanta tana tsinka zuciya.

Editoci kan ɗora kiɗan wani babban fim na wucin gadi don su ji yadda fitowa za ta kasance. Haɗarinsa shi ne darakta ya saba da shi har ya kasa jin daɗin komai bayansa. In an sa, a cire shi da wuri.

Mataki na biyar: irin kiɗan da za a nema

Kiɗan zullumi aiki uku yake yi. Akwai shimfiɗa, wato dogon amo ɗaya mai kauri da ba ya zuwa ko'ina, wanda ke sa mutum ya ji wurin ba lafiya. Akwai bugu, ɗan gajeren salo mai maimaita kansa: bugu 60 zuwa 70 a minti na zaman jira, 120 zuwa 140 na gudu da bi. Sai sara, ƙara guda mai kaifi a lokacin firgita. Sara biyu a gajeren fim sun isa. Na uku dariya yake jawowa a zauren kallo. Abin da ba ya cikin ukun nan shi ne waƙa mai daɗin bi da baki. Fiyano mai taushi irin na fitowar rabuwar masoya tausayi yake kawowa, kuma mai jin tausayi ya riga ya saki jiki.

A fiyano, a danne maɓalli biyu da ke manne da juna, fari da baƙin da ke gefensa, a riƙe su tare. Amonsu gogayya yake yi, kunne na jiran su rabu su huta, ku kuma ku hana shi hutun. A taƙaita kayan kiɗan ma. Bernard Herrmann da kayan kiɗa masu tsarkiya zalla ya yi kiɗan Psycho a 1960, ba ganga ba busa, kuma wannan taƙaitawar ce ta ba fim ɗin murya ɗaya. Ku zaɓi kaya biyu ko uku ku tsaya a kansu.

Ɗalibin Jos yana da abin da ba a samu a rumbun kiɗan intanet. Goge in aka ja shi a hankali da nauyin hannu har gashin dokin ya riƙa gurzawa, yana ba da shimfiɗar da ke tayar da tsigar jiki. Kalangu in mai kiɗa ya riƙa matse tsarkiyoyinsa a hammata sannu-sannu yana bugu ɗaya-ɗaya, amon hawa yake yi kamar numfashin mai tsoro. Shantu da ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa suna ba da bugu mai zurfi da ya fi bugun zuciyar da kowa ke saukowa da shi daga intanet. Sarewa a hura ta yadda iska za ta fi amo yawa. Kundung na Berom, wato jerin katako da ake bugawa kowanne da amonsa, maɓalli biyu kacal a riƙa maimaitawa, ya isa bugun fitowar bi.

Sai dai kowane ɗayansu da ma'anar da yake ɗauke da ita a kunnen Bahaushe. Kakaki da algaita fada suke kai mutum. Garaya, da goge in aka sake shi ya yi salonsa, bori suke tuna wa mutane da yawa, sai mai kallo ya ɗauka labarin iskoki ne alhali na ɗan Adam ne. Kalangu in ya kama cikakken kiɗa dandalin dambe ko gidan biki ya tafi. Don haka amon ake nema, a bar salon. A naɗi mai kiɗan yana ba da dogayen amo da bugu ɗai-ɗai na minti 20, a kai kwamfuta. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, in aka rage gudun sauti da rabi, tsawonsa na ninkuwa, amonsa kuma ya yi kauri sosai. Paulstretch da ke cikinta yana mayar da jan goge na daƙiƙa biyar ya zama shimfiɗar minti guda. Bugun kuge ko na murfin tukunya in aka juya shi ya fara daga ƙarshe, sai ya zama amo mai kumbura da ke yankewa farat ɗaya, daidai abin da ake so kafin a buɗe ƙofa.

In za a je wurin makaɗin gargajiya, a je da gaisuwa da girmamawa, a yi masa bayanin abin da za a yi da kiɗansa, har da cewa za a sauya masa kama, a kuma daidaita a kan sallamarsa kafin a kunna rakoda. Kiran salla da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin coci kuwa, in sun shigo a matsayin sautin gari, kada a shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashinsu, kada kuma a mayar da su alamar mugun labari. A gari irin Jos wannan ya wuce batun fasaha.

Mataki na shida: izini

Kowace waƙar da aka naɗa haƙƙi biyu gare ta, na wanda ya tsara ta da na wanda ya mallaki naɗin, kuma fim na buƙatar izinin duka biyun. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kariyar waƙa tana kaiwa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, ke nan waƙoƙinsa na cikin kariya har ƙarshen 2085. Kasancewarsu a wayar kowa bai sa sun zama na kowa ba. Rubuta sunan mawaƙi a ƙarshen fim ba izini ba ne. Waƙar da ke tashi a rediyon mai shayi a bayan 'yan wasa ita ma ta shiga lissafi, shi ya sa ake kashe rediyon a lokacin ɗauka a sa wadda aka mallaka a editin.

Hanya mafi tsabta ita ce kiɗan da aka yi domin fim ɗin, da takarda mai shafi ɗaya da ta faɗi sunan fim, da abin da aka biya, da cewa an yarda a nuna shi a makaranta da bukukuwan fim da intanet ba iyakar lokaci, kowa ya sa hannu. Ko abokin aji ne ya yi kiɗan a rubuta. Mai neman na kyauta ya duba rumbun sauti na YouTube da shafin Freesound, ya karanta lasisin kowane fayil: CC0 ba sharaɗi, CC BY sai an ambaci mai shi, mai alamar NC kuma ba a neman kuɗi da shi. A ɗauki hoton shafin lasisin a ajiye. Bidiyon da wani ya ɗora ya rubuta cewa kiɗan ba shi da mai shi ba hujja ba ne, kuma tsarin Content ID na YouTube na iya kama fim ɗin ya toshe shi ko ya karkatar da kuɗin tallarsa. Bukukuwan fim, irin su Zuma da Hukumar Fina-finai ta Najeriya ke shiryawa a Abuja, wuri ne da ba a son a je da kiɗan da ba a da takardarsa.

Mataki na bakwai: ƙananan motsi da shiru

Bum magana yake bi, saboda haka taku da motsin kaya ba sa fitowa sosai. Sake yin su ake yi ana kallon hoto, a ɗaki mai labule da katifa, da tsakar dare in gari ya yi tsit, makirufo na santimita 30 zuwa 50 daga abin. A tanadi faranti mai tsakuwa, da wani mai yashi, da dandaɓen siminti, da ainihin takalman da aka sa a fim. A naɗi sakata, da kwaɗo, da ƙyauren langa-langa, da buta, da ashana, kowanne sau biyar, a hankali da kuma da sauri. Kabeji da kankana daga kasuwar Farin Gada su ne sara da suka, karas kuma karyewar ƙashi. Numfashin 'yar wasa a naɗe shi daban, kusa da baki, domin a fitowar ɓuya shi ne kiɗan.

Sautin dare a je a naɗo na unguwar da labarin yake: gyare, da haushin kare daga nesa, da janareton maƙwabta, minti uku-uku. A nan dabara mafi ƙarfi take. A bar janareton maƙwabta na gunji a ƙarƙashin fitowar tun farkonta har mai kallo ya manta da shi, sannan ya mutu. Ko gyare su yi tsit gaba ɗaya. Duk wanda ya kwana a unguwa ya san abin da jiki ke yi a wannan lokacin. Shirun fim kuwa ba a yin sa da goge layin sauti, domin mai kallo zai ɗauka lasifika ce ta lalace. Shirun ɗakin nan na daƙiƙa 60 ake sawa. Kafin sara, a janye komai na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sautin fitowa mai zuwa kuma ya riga hotonta shigowa da rabin daƙiƙa zuwa ɗaya.

Mataki na takwas: haɗawa da gwaji

DaVinci Resolve na kyauta yana da sashen sauti mai suna Fairlight, kuma ya isa wannan aiki. A ware layuka rukuni huɗu: magana, sautin wuri, motsi, kiɗa. A fara da magana ita kaɗai. A yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, a cike ramuka da shirun ɗaki, a sa 'yar narkewa ta firam biyu zuwa huɗu a kowane yanka don kada ya yi ƙas. Manhajar rage hayaniya a taɓa ta kaɗan-kaɗan. In aka matsa mata, murya na zama kamar daga ƙarƙashin ruwa, kuma kaifin ƙ da ts shi ke fara tafiya.

In magana ta zauna, a daidaita ƙarar lasifikar ɗakin yadda ake jin ta daidai, kada a sake taɓa ta har a gama. Sautin wuri ya zauna wajen desibel 25 zuwa 30 ƙasa da magana, kiɗan da ke ƙarƙashin magana kuma 15 zuwa 20. A rage wa kiɗan desibel uku ko huɗu tsakanin 2 da 4 kHz, inda fitar baƙaƙe take. Hausa na da ƙarin dalili: karin sauti da tsawon wasali suna raba ma'anar kalmomi, kamar yadda tsawon wasali ke raba garin da ake zama da garin tuwo. Goge da sarewa a muryar mutum suke yawo, kalangu kuwa magana yake kwaikwaya, don haka in ɗayansu na hawa da sauka a ƙarƙashin zance sai ya ci karin kalmomin. A ƙarƙashin magana a bar shimfiɗa mai amo ɗaya kawai.

Yawancin masu kallo a waya za su gani, kuma lasifikar waya ba ta fitar da amo mai zurfi. Shimfiɗar 40 Hz da ke girgiza hedifon ɓacewa take yi ɗungurungum, fitowar ta zama fanko. A ɗora mata wani amon tsakanin 200 da 400 Hz da zai wakilce ta. A kuma saurari fim ɗin da lasifika ɗaya, domin wasu sautukan da aka baza hagu da dama suna cinye juna in an haɗe su.

Wajen ƙarfin fim gaba ɗaya, YouTube na rage duk abin da ya wuce kusan -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa, don haka -16 ya yi wa fim mai raɗa da ihu. Ma'aunin gidajen talabijin na Turai -23 ne; in za a kai wa wani gidan talabijin ko biki, a tambayi nasu. Ƙololuwar ƙara kada ta wuce -1.

A gwada a wuri huɗu: hedifon, da waya, da talabijin ɗin falo, da zauren da za a nuna wa malamai, a zauna a layin baya, tunda manyan zaure masu siminti na ƙara amsa-kuwwa su cinye raɗa. A samo mutum biyu da ba su san labarin ba su kalla, a ce su ɗaga hannu duk inda wata kalma ta wuce su. Ku da kuka haddace rubutun ba za ku taɓa jin wannan matsalar ba. Bayan gyara, a fitar da cikakken sautin a WAV, 48 kHz, bit 24, sannan a fitar da magana daban, kiɗa daban, motsi da sautin wuri daban, domin ranar da za a so yin dobin zuwa wani harshe ko sauya wani kiɗan. A ajiye su a wuri biyu, tare da takardar guraben kiɗa da hotunan lasisi da yarjejeniyar da aka sa wa hannu.